Waiwaye: Shekarar da Falona Ya Yi Doro

Wata safiyar Agusta, bayan an kwana ana tsuga ruwa, na zo buɗe ƙofar falo ta ƙi. Na ɗauka makulli ne ya ci. Na murɗa, na jijjiga, na sa kafaɗa, ta buɗe kamar taƙi guda ta cije. Sai da na zagaya ta kicin na shigo ta baya, sannan na ga abin da ya tare ta. Katakon da na shimfiɗa a ƙasan falon, wanda na yi wata takwas ina nuna wa baƙi, ya taso ya yi doro tun daga bakin ƙofa har gindin taga, kamar kunyar doya. Teburin tsakiya ya karkace, ƙafarsa ɗaya tana lilo a iska. Autarmu, tana aji biyu na firamare a lokacin, ta haye tudun tana tsalle, katako yana lotsawa yana dawowa, ita ko dariya take ƙyalƙyalawa. Uwarta ta tsaya riƙe da tsintsiya ba ta ce uffan ba. Ai ta riga ta faɗi tata tun Disamba, ranar da ta ce mu sa tayil kamar kowa mu huta.

Kusan shekara goma ke nan, amma duk lokacin da na ga ana zuba kankare a unguwarmu sai abin ya dawo mini sabo.

Filin na saya a Kamazou tun wurin yana gonaki, daga hannun wasu iyalin Gbagyi da suka gaje shi. Wanda ya san Kaduna ya san yadda rikicin 2000 da na 2002 suka sa jama'a kwashe kaya, wasu suka haura arewacin kogi, wasu suka gangaro kudu, har Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Sunday suka cika suka batse. Da aka buɗe titin da yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a Disambar 2012, sai gine-gine suka malalo ta Kamazou da Janruwa da Karji. Inda ake tonon doya jiya, yau tifa ce ke juye yashi. Ni ma cikin wannan ayari na shigo, da kuɗin da na ɗan tara da bashin ƙungiyar adashen ofis. Filina yana gangare, ta wajen wani ɗan kwari. Ranar da na je dubawa rani ne, ƙasa ta bushe ƙamas, ban kawo komai a raina ba. Daga baya na lura cewa rijiyar maƙwabcina, wadda a watan Maris sai an ƙara wa guga igiya, a Agusta da hannu ake ɗiba.

Son katakon kuwa tsoho ne. Mahaifina kuku ne a gidan wani babban ma'aikacin gwamnati a wajen Unguwar Rimi, muna zaune a ɗakunan baya. Aikina ranar Asabar shi ne goge falon gidan. Ƙasan falon nan gutsattsarin katako ne, kowanne bai fi tsawon tafin hannu ba, an jera su a karkace kamar ƙayar kifi. Da tsumma da man goge nake bi a durƙushe har sai na ga inuwar fuskata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sanyin hunturu: simintin ɗakinmu idan ka taka da asuba har cikin ƙashi kake ji, amma katakon nan ba ruwansa, lumus yake a tafin ƙafa. Tun ina yaro na ƙudura cewa ranar da na gina nawa, haka falona zai kasance. Na riƙe kamannin abin, ban taɓa tambayar me ke ƙarƙashinsa ba.

Mun kai ginin matakin rufi a ƙarshen damina, aka cika ɗakuna da jar ƙasa, aka zo zuba abin da magina ke kira jaman fulo. A takardar da mai zanen gidan ya ba ni akwai leda mai kauri da za a shimfiɗa kafin a zuba kankare. Birkila ya duba, ya yi ɗan murmushi.

"Oga, wannan ta masu kuɗin banza ce. Gida nawa na gina a layin nan, ba wanda ya sa leda. Jaman fulo in ya kama, dutse ne, ruwa ta ina zai bi?"

Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Maganar ta yi mini daɗi, domin aljihu ya riga ya yi sanyi, kuma kuɗin ledar, wanda bai kai na buhun siminti goma ba, na ga zai saya mini ƙofa guda. Na ce a zuba. Leburori suka kwaɓa kankare ruwa-ruwa don ya yi musu sauƙin bazawa, aka zuba a farkon Nuwamba. Kuɗin hayar gidan da muke ciki yana ƙarewa ƙarshen Disamba, ga Kirsimeti, ga 'yan'uwa za su zo daga gida. Na ji an ce siminti yana gama ƙarfi a kwana 28, na ƙirga a kalanda, na ga har da rara.

A wurin 'yan katako na zaɓi maɗaci, wanda suke kira mahogani, aka yanka mini shi faɗin santimita 10, aka fitar masa da mace da namiji a gefe yadda kowane falanki zai shige cikin ɗan'uwansa. Mai sayarwa ya rantse ya bushe. Kafintan da na ɗauka matashi ne mai hannu, ya iya kujera da kabad, amma daga baya na gane bai taɓa shimfiɗa katako a ƙasa ba. Ya jera sandunan katako na tu-bai-tu kai tsaye a kan siminti, ya shafa musu baƙin mai, ya kafe su da ƙusar kankare, ya soma buga falankai a kai.

Akwai abin da na gani da idona a ranar, wanda har yau nake jin kunyarsa. Yana yanka falanki, garin katakon ba ya tashi, dunƙulewa yake yana manne wa haƙoran zarto. Na ɗebo na murza, da sanyi-sanyi a hannu kamar dusar da aka yayyafa wa ruwa. Da ya buga ƙusa, wani ɗan ruwa ja ya tsattsafo a gindinta. Na gani sarai. Na dubi kalanda a raina, na haɗiye maganar.

Ranar Kirsimeti falo ya yi kyau, wannan ba ƙarya. An goge, an shafa mai, jan maɗaci yana ɗaukar ido. Baƙi suna cire takalmi tun daga baranda ba tare da an ce musu ba. Wani abokin aikina har ya durƙusa ya shafa da hannu.

Janairu bai yi nisa ba muka fara jin ƙara cikin dare, ƙas, ƙas, kamar ana karya tsinke. Sai tsaga ta soma bayyana tsakanin falankai. Da fari tsinken ashana ne ke shiga, zuwa Fabrairu makullin babur ɗina ya faɗa ciki sai da waya aka zaro shi. Ƙurar hunturu, ƙwayar shinkafa, ɗan kunnen yarinya, duk can suke taruwa. Kuma kowane falanki gefunansa suka ɗaga, tsakiyarsa ta lotsa, ya koma kamar ƙaramin kwami, in ka ja ƙafa sai ka ji gargada. Na kira kafinta. Ya ce ai abu mai sauƙi ne, yanzu ne katakon ya gama bushewa. Ya ɓamɓare su, ya sake jerawa yana matsewa da guduma, har sai da ya ƙara falanki guda da rabi kafin ya cike gurbin da ya buɗe. Ya kai su jikin bango tsam, ko allura ba za ta shiga ba. Na yaba masa, har na ƙara masa na mota. Garin gyaran gira muka tsone ido, ba mu sani ba. Wata shida bayan nan ne ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Wani dattijo a unguwar ya haɗa ni da wani tsohon kafinta da ya yi ritaya daga ma'aikatar ayyuka, yana zaune a Sabon Tasha. Tsohon kafintan ya zo a kan tsohon kekensa, ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe yana kallon tudun. Bai tambayi sunan katakon ba, bai tambayi nawa na kashe ba. Cewa ya yi a ɓalle masa falanki uku. Da aka ɗaga, wani wari ya bugo mu, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Bayan falankan ya yi baƙi da fumfuna. Tu-bai-tu ɗin da ke ƙasa ya tura babban yatsa a jikin ɗaya, ya shige kamar burodi. A kusurwar da ke wajen kwari kuwa, gara ta biyo ta wata 'yar tsaga tsakanin kankare da bango ta gina hanyoyinta, ta cinye cikin katako ta bar ɓawo.

"Ɗana, samo mini leda fara da salatif," in ji shi.

Ya share siminti, ya yanka ledar kamar kamu guda kowane gefe, ya shimfiɗa, ya liƙe gefunan huɗu ruf. Ya ce kada kowa ya taɓa, zai dawo gobe. Washegari ya ɗaga a gabana. Cikin ledar ya yi raɓa, ɗigo-ɗigo, simintin da ke ƙarƙashinta ya yi duhu, ya bar shacin murabba'i kamar an zana.

"Ka gani? Ɗakinka gumi yake yi. Ka sa masa riga, rigar ta jiƙe."

Na ce, "Amma Baba, an ce mini kwana 28."

Ya ce, "Wannan na ƙarfi ne. Ƙarfi daban, bushewa daban. Tuwo ma yana sandarewa da ruwansa a ciki."

Abin haushin shi ne, wannan gwaji ba baƙo ba ne a wurina. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin haya ya ɗaga ledar ɗaki da damina ya ga yadda ƙarƙashinta ke jiƙewa, har siminti ya yi santsi. Na gani sau ba adadi a rayuwata, ban taɓa haɗa shi da katako ba. Daga baya na karanta cewa injiniyoyi a Amurka suna da wannan gwajin a rubuce cikin ƙa'idojinsu: leda mai inci 18 kowane gefe, a liƙe, a bar ta aƙalla awa 16. Su ma sun yarda gwajin talaka ne, in ya nuna ruwa to akwai ruwa, in bai nuna ba ba shi ne shaidar an tsira ba, shi ya sa masu manyan ayyuka ke huda kankaren su sa na'urar auna laima a ciki.

Da na zauna na bi lissafin, ruwa biyu ne suka ci ni. Na farko wanda muka zuba da hannunmu. Falona mita 4 ne da mita 5, kaurin kankaren santimita 10, wato kankare kubik mita biyu cur. Kwaɓa wannan yana cin ruwa kusan lita 400, ko fiye in leburori sun sake hannu. Siminti yana shanye wajen rabi ya mayar da shi jikinsa, sauran kuwa dole ya fita ta sama a hankali. Durom guda ke nan na ruwa kwance a ƙasan falona ranar da na rufe shi da katako. Magina a Ingila suna da ƙiyasin da suke bi, cewa kowace milimita guda ta kauri tana son kwana guda, kuma in kauri ya wuce santimita 5 abin yana ƙara jinkiri sosai. Iskar hunturunmu ta fi tasu jan ruwa nesa ba kusa ba, amma ko da ita, mako shida bai isa ba.

Ruwa na biyu shi ne wanda ba ya ƙarewa. Kankare a ido dutse ne, amma cike yake da ƙananan kafofi, yana tsotso daga ƙasa yadda lagwani ke tsotson kananzir. Kaduna tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, ga filina a gangare. Ledar da na mayar ƙofa, ita ce kaɗai za ta raba ƙasa da kankare. Da tayil na sa, da wataƙila sai dai in ga fenti yana ɓarewa a gindin bango, irin wanda ake gani a gidaje da yawa na unguwar ana cewa sharrin yashi ne.

Shi kuma katako, ko an sare shi an yanka an goge, bai daina sha da fitarwa ba. Yana bin iskar da ke kewaye da shi. A tsakiyar hunturu laimar iskar Kaduna takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, a Agusta ta haura 80. A yanayi na farko ruwan jikin katako yakan koma kashi 5 ko 6 cikin 100, a na biyu ya kai 16. Kuma ba ta tsawo yake motsi ba, ta faɗi ne. A falanki guda abin bai taka kara ya karya ba, milimita ɗaya ko biyu. Amma falanki 40 ne a jere a falona. In kowanne ya ƙara milimita ɗaya da rabi, an sami santimita 6, kusan faɗin yatsu huɗu. Mun matse su a watan da suka fi ƙanƙancewa, muka tokare su da bango hagu da dama. Da suka sha ruwa, ba gaba ba baya, sai sama. Lotsawar da suka yi tun a Janairu ma bayaninta ke nan: bayansu yana shan gumin siminti yana kumbura, fuskarsu tana shan iskar hunturu tana tsukewa.

Na ba Baba labarin falon da nake gogewa ina yaro, na ce to shi me ya sa bai taɓa tashi ba? Ya yi dariya har da tafawa. Ya ce irin wannan aikin suka gada a ma'aikata. Kwalta ake narkawa a rabin durom, a tsoma gindin kowane guntu a ciki da zafinta, a dasa a kan siminti. Kwaltar ita ce gam, ita ce kuma katangar ruwa. Gutsattsarin ƙanana ne, an juya wannan gabas wancan arewa, kowanne ya ɗan motsa a gurbinsa ba tare da sun haɗa ƙarfi sun tura waje guda ba. Katakon kuma sai ya shekara a rumfa kafin a taɓa shi. Shekaru ina goge saman abin, ashe aikin yana ƙasa.

Har daɓen kakanninmu ya fi ni hikima. Mata su baza tsakuwa da jar ƙasa, su yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, su jeru da madaɓai suna bugawa suna waƙa har ya yi sumul. Daɓen nan yana numfashi. Danshi ya taso ya wuce, tabarma in ta yi sanyi a fitar da ita rana. Ba wanda ya kafe tabarma da ƙusa.

Gyaran ya ci kusan wata tara, mafi yawansu jira ne. Baba ya sa aka kwashe katakon kaf a Satumba, muka koma zama a kan siminti tsirara da tabarmi, tagogi a buɗe. Kafin ya taɓa cikin ɗaki sai da ya zagaya bayan gida. Ruwan kwano yana zuba ne daidai gindin bango, ƙasar waje kuma ta kusa kai tsayin ta ciki. Aka sa indararo, aka rage ƙasar, aka zuba siminti mai gangara kewaye da ginin, aka ja lambatu zuwa kwari. Aka toshe tsagar da gara ta biyo, aka sa magani. Falankan da suka tsira, wajen rabi, ya jera su a ɗaki guda, tsakanin kowane layi da na samansa ya gitta 'yan sanduna don iska ta ratsa, ya ɗora bulo a kai kada su murɗe. Cikon kuma na tik muka samo, irin wanda ake shukawa a dajin Nimbia da ke kudancin jihar. Ya so madobiya, amma a shekarun nan ne 'yan kasuwar Sin suka yi mata wawa, ana lodinta daga dazukan Taraba zuwa tashar jiragen ruwa, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Tik da loko sun fi maɗaci haƙuri da sauyin yanayi, gara ma ba ta cika son su ba.

Ba shi da na'urar auna ruwan katako. Abin da yake yi, ya ware falanki uku ya yi musu alama, duk ranar Asabar ya ɗora su a sikelin wani mai sayen ƙarafa ya rubuta nauyin a bayan kwalin sigari. Nauyi yana ta sauka har ya tsaya cak a Fabrairu. Na ce to mu buga. Ya ce a'a, ai kuskuren bara ke nan. Sai da ruwa ya sauka, manoma suka yi shuka, nauyin ya ɗan ɗaga, sannan ya ce yanzu katakon yana tsaka-tsaki, hunturu ba zai buɗe shi da yawa ba, Agusta ba zai matse shi da yawa ba. A ƙarshen Mayu muka fara.

Ya ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya mai mita biyu a kan simintin yana leƙen ƙarƙashinta, duk inda rata ta wuce milimita 3 a cike ko a kankare. Aka shafa kwalta ta ruwa, aka bari ta bushe, aka sake shafawa a gicciye. Aka shimfiɗa leda mai kauri, wadda 'yan kasuwa ke kira mai geji 1000, inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya fiye da taƙi a liƙe, gefunan kuma a tayar da su jikin bango. Tu-bai-tu an jiƙa su da maganin katako na gaske, ba baƙin mai ba, aka jera tazarar santimita 40, kowane ramin ƙusa sai ya ɗiga masa kwalta kafin ya buga, domin a cewarsa leda mai huji sunanta rariya. Falankan gaba da baya aka shafa musu mai. A jikin bango ko'ina ya bar rata kaurin ɗan yatsa, santimita ɗaya da rabi, har da gindin ƙofa. Sannan ya rufe ratar da sikatin, ya kafe shi a bango, ba a katakon ƙasa ba, don falon ya sami wurin miƙe ƙafa. A kusurwoyi ya huda 'yan kafofi ya sa musu raga saboda iska.

Da zai tafi, maiɗakina ya kira, ba ni ba. Ya ce, "'Yata, wannan ɗakin ba a yi masa wanka. Tsumma a matse, shi ke nan." Ta ce ai ita tun farko ba ta nemi ɗakin da ake lallaɓawa ba. Tana da gaskiya, kuma sarakuna ma sun sha wannan: a fadar Versailles ta Faransa, a 1684, marmara aka cire aka sa katako, saboda ruwan wankin marmarar yana ruɓar da azarar da ke ƙarƙashi. Ɗakunan kwana dai tayil aka sa, ban yi musu ba.

Yanzu kasuwa ta cika da wani samfuri da ke zuwa a kwali, mai kamannin katako, ana ɗosa wannan cikin wancan ba ƙusa ba gam. Wani kamfanin Suwidin mai suna Perstorp ne ya ƙirƙiro shi a 1977. Hoton katako ne a sama, cikinsa garin katako ne da aka matse. Yana da saurin shimfiɗawa, a yini guda an gama falo, shi ya sa masu gina gidajen haya da shaguna a bakin titin Yakowa ke rububinsa. Masu talla za su ce maka ba ya jin ruwa. Fuskarsa ce ba ta ji. Bakinsa in ya sha, kumbura yake yi, kuma ba ya komawa, ba a kuma iya kankare shi a gyara yadda ake yi wa katakon gaske. Shi ma yana son busasshen siminti, da leda a ƙasa, da rata a jikin bango. Na shiga wani shago da aka shimfiɗa shi bara, na ji yana lotsawa a ƙafata daidai bakin ƙofa, na san labarin da mai shagon zai bayar baɗi.

In aka tambaye ni yau, a bene ba ni da fargaba, domin kankaren sama ba ya taɓa ƙasa, in ya bushe ya bushe. A ɗakin ƙasa da aka sa wa leda tun wurin zubi, aka kuma ba shi rani guda cur, a shimfiɗa. Wanda ba a sa wa leda ba, musamman a gangare irin nawa, ana iya yi, ga shi na yi, amma kuɗin da na kashe sau biyu ya isa in sa tayil a gidan gaba ɗaya har da baranda. Kicin da banɗaki kuwa kada ma a fara. Falon nawa yana nan. Duk Janairu tsaga takan buɗe kamar kaurin farce, duk Agusta ta rufe, ƙofa kuma tana buɗuwa.

Baba ya rasu shekaru kaɗan bayan aikin, kuma ban ga matasan da suka ɗauki irin sanin nan daga hannunsa ba. Saboda haka kai mai gini a Kamazou ko Janruwa ko Karji, ranar zuba jaman fulo kada ka aika yaro, kada ka wakilta birkila. Ka ɗauki hutun yini guda ka je da kanka, ka tsaya har ka ga an shimfiɗa ledar, an liƙe mahaɗinta, kafin kwanon kankare na farko ya sauka a kai.